Ka dakata da sayen injin nan

Mutumina,

Bayan gaisuwa, ina gajiya, ina iyali? Shirunka ya yi yawa, har a fada an fara cewa Kwatano ta cinye ka. Sarkin Shayi kuwa ya rantse bashinsa na nan ko shekara goma za ka yi.

Ƙanenka ya ce ka turo kuɗi a sayo injin tura ruwa a ɗaura wa Hajiya a bakin kontar, wato mitar ruwa. Don Allah kada a yi. Ka san ruwan Yamai daga kogi ake ɗibarsa, a tace a Gudel da Yantala, kuma da Afrilu ya kama, unguwannin nesa irin taku sai tsakar dare yake isa, shi ma siriri. Injin da aka haɗa kai tsaye da tiyon titi iska zai yi ta zuƙa, ya yi zafi, robar bakinsa ta ƙone. Ranar da ruwa ya zo kuma rabon maƙwabta zai janye, ka bar Hajiya da rigima.

Tanki biyu ake yi. Na ƙasa, mai lita 1000, a sa masa filota a baki don ya rufe kansa in ya cika. Shi zai tari ruwan dare kowa na barci. Daga cikinsa inji mai ƙarfin rabin doki zai hau da ruwa zuwa na sama. Tsayin mita 5 ya isa ruwan wanka ya zubo da ƙarfi, amma ka gaya wa mai walda lita 1000 tan guda ne cur, kada ya yi maka ƙafa da ƙarfen gado. A sa abin da ke hana ruwa komowa baya a tiyon, in ba haka ba na saman zai tsiyaye kafin asuba. Gidanku mutum 8 ne. Ko kowa ya kashe lita 40, lita 1000 kwana 3 ke nan ba a kira ga-ruwa ba. Tankin ya zama baƙi, don fari gansakuka yake yi, a kuma kafa masa rumfar zana, in ba so kake Hajiya ta yi alwalar azahar da ruwan shayi ba.

Af, angonmu na bara ya sayi firigo, wai amarya za ta yi ƙanƙara. Kwana nawa! Ba ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ce ta kashe shi ba, dawowarsa da rauni ce. Wuta in ta sauka ƙasa sosai da volt 220, inji sai ya yi ta gurnani bai tashi ba har wayarsa ta ƙone. Injin ruwanku ma haka zai yi, saboda haka a saya masa regilata mai daidaita ƙarfin wuta, kuma in an kawo wuta a jira minti 5 kafin a kunna. An buɗe tashar hasken rana ta Goru Banda a 2023, megawat 30, amma da magariba, lokacin da kowa ke kunna fanka, rana ta faɗi. Madatsar Kandaji da aka ce za ta ba da wuta kuwa tun muna 'yan makaranta muke jin ta.

Kwalbatin bakin fada har yanzu cike take da leda, damina kuma na tafe. Mai Gemu ya ce bana kwalekwale zai saya ya riƙa ɗaukar mutane dala ashirin. Zancen aurensa na biyu ya sake tashi, wannan karon daga Harobanda. Sai ka kira zan ba ka sauran.

A gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Yamai