Yaranmu na Amurka, ku koma kwaleji ku karɓo digirin da kuka baro

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da duk ma'aikatanka. Don Allah a ɗan bani fili a shafin wasiƙu inyi magana da iyaye da yaranmu dake karatu a Amurka, akan wani abu dake wuce mutane da yawa, wato yadda yaro zai iya karɓar digirin shekara biyu daga kwalejin da ya baro, nima kaina saida ya faru a gidanmu sannan na san dashi.

Yawancin yaranmu a nan basa shiga jami'a kai tsaye, kwalejin al'umma suke fara shiga, wato ƙananan kwalejojin nan na shekara biyu, saboda kuɗin makarantar yafi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yaro zai iya zama a gida yana ɗan aikinsa yana zuwa aji. Ba sabon abu bane, tun 1901 aka buɗe ta Joliet a jihar Illinois. Idan yaro ya tara kiredit 60, wato makin da ake lissafa masa akan kowane kwas da ya ci, sai a bashi digirin shekara biyu da suke kira asoshiyet, shi kuma babban digiri na jami'a kiredit 120 ne. Toh inda gizo ke saƙar shine, da zarar jami'a ta baiwa yaro gurbi, ko kiredit 40 gareshi sai ya tattara nashi ya nashi ya wuce, wai wa zai tsaya jiran ƙaramar takarda ga babba tana kiransa, kuma gaskiya mu iyaye mu ne kan gaba wajen zuga su, don bakinmu yafi jin daɗin cewa yaro yana jami'a.

Haka ɗan yayata yayi. Zango uku yayi a kwaleji, ya fita da kiredit 45, ya shiga jami'a ya ƙara shekara ɗaya da rabi, sai mahaifinsa ya kwanta ciwo mai tsanani, dole yaron nan ya ajiye karatu ya kama aiki dare da rana don a riƙe gida. Shekara uku yana zaman aji, kiredit sama da 80 a hannunsa, ga bashin karatu a wuya, amma duk fom ɗin neman aiki da zai cike idan aka zo wajen matakin ilimi takardar sakandare kaɗai yake iya rubutawa, wallahi ranar daya faɗa min haka ban iya cin abinci ba. Kuma ba shi kaɗai bane, cibiyar National Student Clearinghouse dake ajiye bayanan ɗaliban ƙasar ta fitar da rahoto a 2019 cewa mutum miliyan 36 ne suka taɓa shiga kwaleji ko jami'a suka fita ba takarda.

Ashe akwai hanya. Suna ce mata ribas tiransfa, ma'ana maimakon kiredit su tashi daga kwaleji zuwa jami'a kamar yadda aka saba, sai a juya su, jami'a ta turawa tsohuwar kwalejinka sakamakon kwasa-kwasan da kayi a wajenta, kwalejin ta haɗa da wanda kayi a can baya, in sun cika sharuɗɗan digirin shekara biyu ta buga maka takardarka. Baka koma aji ba, baka bar jami'a ba, ko kana tsakiyar karatunka zaka iya nema, a wurare da yawa ma ko sisi ba'a biya. A 2012 wasu gidauniyoyi irinsu Lumina da Kresge da ta Bill Gates suka zuba kuɗi don yaɗa tsarin, aka fara da jihohi 12, ciki harda Ohio da Michigan da Florida da New York. Texas kuwa tun 2011 ta maida shi doka, a yanzu yaron da yayi kiredit 30 a kwaleji kuma jimlarsa ta kai 66, wajibi ne jami'a ta tuntuɓe shi akan maganar.

Abin takaicin, yaron namu an tuntuɓe shi. Da muka sa ya buɗe tsohon imel ɗinsa na makaranta sai ga saƙo tun shekarar farko ana neman izininsa, yana kwance cikin ɗaruruwan saƙonnin talla da sanarwar wasanni, ba wanda ya kira shi, ba malamin daya taɓa ambata masa, saƙo ɗaya tal suka aika suka wanke hannu. Dalilin neman izinin shine wata dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta hana makaranta fitar da sakamakon ɗalibi ba da yardarsa ba. Dokar tana da kyau ban ƙi ba, amma ni a ganina abinda Hawaii keyi yafi hankali, da yake kwalejojinsu da jami'arsu duk ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, suna duba maka da kansu su baka, sai dai in kai kace baka so. Ai yaron da yake ƙoƙarin haɗa kuɗin haya ba shi zaka jira ya tsinci saƙonka ba.

Saidai kar a ɗauka duk wanda ya tara 60 shikenan ya samu. Dole sai kayi wani kaso a kwalejin da zata baka takardar, galibi kiredit 15 wato kashi ɗaya cikin huɗu, kuma galibi kwas ɗin da baka samu akalla C ba ba zasu karɓa ba. Sannan ba yawan kiredit kaɗai ake kallo ba, sai an ga kayi turanci da lissafi da kimiyya da sauran kwasa-kwasan dole, zaka iya samun mai kiredit 90 kwas ɗaya ya riƙe shi. Wani abin kuma bashi, in makaranta tana binka ko kuɗi kaɗan ne zata iya riƙe takardar sakamakonka, California dai ta haramta wannan tun farkon 2020, amma ba kowace jiha ba.

Naji wasu iyaye na tsoron wai in yaro ya karɓi digirin shekara biyu zai rasa tallafin Pell na gwamnatin tarayya. Ba haka bane, babban digiri ne yake rufe Pell, ko kuma in ka cinye zango 12 kana karɓar tallafin. Masu bizar karatu ta F-1 kam su fara leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin su sa hannu a komai. Wani dattijo kuma yace min ai in ka baiwa yaro ƙaramar takarda zai ga ya gama ya kwanta, nace masa Alhaji yaron da zai bar karatu don ya riƙe asoshiyet dama can ba takarda ce ta riƙe shi ba, mu dai namu ciwon uba ne ya fitar dashi, kuma ba wanda ya bashi notis.

Mun je ofishin rajista na kwalejin, yaron namu ya sa hannu a takardar izini, bayan wasu makonni suka ce kwas ɗaya ya rage masa na kimiyya mai aikin ɗakin gwaji. Yayi shi da yamma a zangon bazara yana tasowa daga aiki, takardar ta iso ta gidan waya, uwarsa harda kuka. Yanzu ya nemi ƙarin matsayi a wajen aikinsu da ita, kuma yace in mahaifinsa ya ƙara samun sauƙi zai koma ya ƙarasa kiredit ɗin da suka rage masa a jami'a, Allah ya bashi iko.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga mai karanta jaridarku a Amurka.