Rahoton kwamitin gyaran ruwan motar tafi-da-gidanka ta ƙungiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, hajiyoyinmu na ɓangaren mata da sauran 'yan uwa, ga bayanin aikin da aka ɗora mana na gano abinda ke sa ruwan motar nan wari da kuma gyara shi. Aiki dai ya kammala alhamdulillahi, motar na nan inda aka saba ajiye ta a unguwar Fadaman Mada cikin garin Bauchi, duk mai so yaje ya buɗe famfo ya shinshina da kansa.

Ga waɗanda basu taɓa shiga cikinta ba, motar irin ta Amurka ce da ta shigo ta Kwatano, ita muke fita da ita ƙauyukan Alkaleri da Kirfi da Dass aikin duba marasa lafiya kyauta. Tana da tankin ruwa mai kyau na galan 40 ɗin Amurka, wato wajen lita 150, da 'yar hita ta galan 6, kusan lita 23, da tankin da ruwan wanke wanke ke taruwa, sai na bayi shi kuma daban. Tun da damina ta kankama hanyoyi suka ɓaci ba a sake fita da ita ba, kuma da ruwanta a ciki aka kulle ta, to da aka zo za a yi fitar farko bayan kaka malaman jinya suka buɗe famfo zasu wanke hannu sai warin baragurbi ya cika motar har saida kowa ya fito waje, ranar da jarkoki akai aikin.

A mitin ɗin da ya wuce kun tuna shawarar da ta fi rinjaye ita ce a cire tanki da bututai gaba ɗaya a sa sababbi. Mu a kwamiti bamu bi wannan ba, kuma muna roƙon dattawa suyi mana uzuri, dalili kuwa tankin a ƙarƙashin gado yake an gina katako a kansa, kafin ka ciro shi sai ka farfasa rabin cikin motar, sannan ko ka sa sabon ma in ba a san daga ina warin yake fitowa ba wata uku zai dawo. Saboda haka muka ce a fara bincike tukuna kafin a taɓa kuɗin jama'a.

Binciken kuwa ba wani abu bane mai wahala. Kofi uku muka samu, ɗaya aka tari ruwan famfon sanyi, ɗaya na famfon zafi, ɗaya kuma ruwan bohol ɗin da ake cika motar da shi, aka fita da su waje can nesa da motar aka shinshina. Fita wajen nan yana da muhimmanci fa, don in kana tsaye kan wurin wanke hannu baka iya bambance warin ruwa da warin da ke tasowa daga ramin da ruwan ke bi. Na bohol lafiya lau, don haka masu cewa mai bohol ɗin ne ya cuce mu a daina, bawan Allah bashi da laifi. Na sanyi yana ɗan bashi bashi da warin gansakuka. Na zafi kam ba a magana, shine baragurbin. Sannan ko ba a buɗe famfo ba in ka sa hanci a ramin wurin wanke hannu akwai wani ɗoyi na daban. Ashe matsala uku ce ta haɗu muke ɗauka ɗaya ce.

Hitar ta fi cin lokacinmu. Tankinta na ƙarfe ne, kuma masu ƙera irinta suna ɗaura wani sanda na maganiziyom a ciki, aikinsa shine ruwa ya dinga cinsa a maimakon ya ci jikin tankin. To akwai wasu bakteriya da ke rayuwa inda babu iska, suna amfani da wani sinadari mai suna salfet da ke cikin ruwa su maida shi iskar haidirojin salfayid, ita ce mai warin nan, kuma sandan maganiziyom yana ƙara musu ƙarfi, ga ruwa a kwance wata da watanni ga ɗumi, ai sun samu gida. Da muka zo kwance sandan ma saida akai ta neman soket don girmansa inci 1 da 1/16 ne irin na Amurka, daga baya wani bakanike ya ce a gwada lamba 27, ita kuwa ta zauna daram. Abinda ya fito wallahi waya ce kawai da ɗan guntun abu a jiki, alhali ƙa'ida in kashi 75 cikin 100 ya cinye ake canzawa. Bayansa baƙin ruwa ya biyo da farin tsaki tsaki na ƙasar da ruwan bohol ke bari.

Anan muka ɗan yi sa-in-sa da mai gyaran famfon, shi cewa yayi Alhaji ku bari in toshe ramin da murfi kawai tunda sandan ne ke kawo wari, ba sai kun sayi komai ba. Gaskiya warin zai ragu in akai haka, amma daga ranar tsatsa zata koma cin tankin kanta, kuma hitar nan in ta huje ba a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal za a samo irinta ba. Sai muka sa aka aiko mana da sandan alminiyom mai haɗin zinki daga Legas, shi baya tada warin kaman na maganiziyom, muka sayi biyu don a ajiye ɗaya. Kafin a ɗaura an wanke cikin hitar da tiyo har ruwa ya fito fari, aka zuba farin khal da ruwa ya kwana don ya narkar da farin tsakin, washegari aka ɗauraye sosai da sosai. Ɗaurayar nan ba don tsafta kaɗai bane, bilic za a zuba a tanki daga baya, kuma khal da bilic in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa mai shaƙe mutum, a cikin mota rufaffiya kuwa abin ba wasa bane, don Allah duk wanda zai maimaita aikin nan gaba kar ya haɗa su rana ɗaya ma.

Babban tanki kuma da muka haska tocila ta bakin da ake dubawa bangonsa duk yauƙi ne, in ka shafa da yatsa santsi. Littafin irin waɗannan motoci a Amurka yana cewa rubu'in kofi na bilic, wato mililita (mil) 60, ga kowane galan 15, amma nasu bilic ɗin ya fi namu ƙarfi, yana kai kashi 5 zuwa 6 ko fiye, wanda muka saya kuma 3.5 aka rubuta a jikin robar. Da ɗan kwamitinmu mai aikin lab ya buga lissafi sai ya kama kusan mil 250 ga lita 150 ɗinmu, rabin ledar fiyawota kenan. Mara turare muka saya, mai ƙamshin nan na wanki bai dace da ruwan da za a sa a baki ba. An dama shi a bokitin ruwa tukuna sannan aka zuba, aka cika tanki, aka buɗe famfuna ɗaya bayan ɗaya har da shawa har saida kowanne ya fara warin bilic sannan aka rufe, direba ya ɗan zaga da motar ta hanyar Jos ya dawo don ruwan ya jijjiga ya taɓa ko'ina. Awa 4 shine mafi ƙaranci, mu mun barshi ya kwana. Da safe aka zubar aka dinga cikawa ana zubarwa har warin ya tafi. Filtar gawayi da ke ƙarƙashin famfo an cire ta kafin a fara saboda tana shanye kulorin, kuma da muka ga yadda tayi baƙi bamu maida ta ba, sabuwa aka sa.

Wani abu da ya ɗaga mana hankali fiye da warin ma shine tiyo. Guda ɗaya ce tal a motar, koriyar nan ta ban ruwan fulawa, da ita ake cika tankin ruwa mai kyau kuma da ita ake ɗauraye tankin bayi. Ba zamu kama sunan kowa ba don hannu da yawa ya taɓa motar nan, amma motar da ake fita duba marasa lafiya da ita wannan bai kamata ba ko kaɗan. Yanzu an sayi farar tiyo ta ruwan sha an sa mata murfi baki biyu tana cikin jakarta, tsohuwar kuma an shafa mata jan fenti ta zama ta bayi kaɗai.

Ɗoyin ramin wanke hannu shi bai bamu wuya ba. Lanƙwasar bututun da ke ƙasa ya kamata kullum ta riƙe ɗan ruwa ya tare iskar tankin datti, to ta bushe ƙayau saboda zaman da motar tayi, sannan bututun da ke fitar da iska ta saman rufi zanzaro ya gina gida ya toshe shi. An fasa gidan an sa raga, an wanke tankin da ruwan zafi da omo don maiƙon kwanukan abinci ya daskare a ciki.

Mun jira sati biyu bamu ce komai ba don mu ga ko zai dawo, bai dawo ba, kuma an riga an fita da motar Kirfi an dawo lafiya. Duk da haka shawararmu ruwan tankin ya tsaya a wanke hannu da alwala da wanke kayan aiki, na sha da na haɗa maganin yara a cigaba da ɗaukar na roba har sai an kai samfur an gwada a lab, hanci baya gane komai da komai.

Abinda muke nema mitin ya yanke shine wa zai riƙe alhakin zubar da ruwa. In motar zata zauna fiye da sati biyu a zubar da na tanki da na hita duka, a zuba kofi ɗaya a ramin wanke hannu lokaci lokaci musamman da hunturu da bazara, a wanke da bilic kafin fitar farko bayan damina da kuma bayan wata shida, a duba sandan hita duk shekara. In kuma an manta hitar ta zauna da ruwa to a buɗe famfon zafi ya zuba na wasu mintuna kafin a kunna komai, kar a kusanto da wuta ko sigari, don iskar haidirojin na iya taruwa a ciki kuma tana kamawa. Direba ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi ba aikin famfo ba, mu kuma muna ganin tunda makulli a hannunsa yake a ƙara masa ɗan wani abu a wata ya haɗa, wannan kam sai abinda dattawa suka ce.

Kuɗin da aka ware na sabon tanki ba a kashe ko rabinsa ba, ma'aji zai zo da rasit ɗin komai ranar mitin tare da ragowar, har da tsohon sandan don kowa ya gani. Hajiyoyi sun nemi a sa musu labule da ƙaramin famfon alwala ta bayan motar da abinda ya rage, mun ce su kawo maganar da kansu ranar. Muna godiya ga wanda ya bamu aron harabar gidansa da ruwan bohol ɗinsa kyauta, Allah ya saka da alheri.

Wassalam. Sakataren kwamitin gyara, a madadin sauran 'yan kwamiti.