Malam, takwaranka ya samu makaranta

Assalamu alaikum Malam,

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Na san ka riga ka yanke mini hukuncin na yar da zumunci tun ƙaramar salla. Wallahi aikin dare ne ya riƙe ni. Yau kam dole na zauna na rubuta, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya a WhatsApp.

Takwaranka ya samu makaranta! Sakamako ya fito a wannan watan na Maris, an ɗauke shi a sakandaren LaGuardia da ke nan New York, ɓangaren wasan kwaikwayo. Uwarsa ta yi ta kuka a kicin, ni kuma na fita na zagaya layi sau biyu cikin sanyi ban ma sa rigar kirki ba.

Na san yanzu ka ajiye takardar kana cewa, wasan kwaikwayo kuma? Ni ma haka na ce bara da ya kawo mini maganar. Har na yi masa faɗa. Na ce ban bar Kano na zo ina tuƙa mota dare da rana don ya zama ɗan dirama ba. Ka san yadda muka taso, ana ganin kiɗa da wasa sana'ar wanda boko ya ƙi shi ce. To nan abin ba haka yake ba, shi ya sa nake so ka karanta da kyau, don akwai aikin da zan ba ka.

Makarantar ta gwamnatin birnin New York ce, ba a biyan ko sisi. Tana Manhattan, dab da Lincoln Center, inda manyan gidajen kiɗa da rawa na garin suke. Tana cikin makarantun sakandare 9 na musamman da birnin ke da su. Sauran 8 da jarrabawa guda ake shiga, SHSAT. Ita kuwa sai an gwada yaro a fannin da ya zaɓa, sannan a duba makinsa na aji. Fannonin 6 ne: rawa, wasan kwaikwayo, zane, kiɗa, waƙa, da aikin bayan fage, wato masu haɗa fitilu da kayan dandali. Yaro yana yin lissafi, kimiyya, tarihi da Turanci kamar kowa, ya rubuta jarrabawar Regents ta jiha, sannan kowace rana a ware masa lokacin fanninsa. Kaya biyu ne a kai ɗaya, shi ya sa ma sukan daɗe ba su tashi ba.

Kuma ba jiya aka fara ba. Magajin garin New York na lokacin, Fiorello LaGuardia, wanda filin jirgin nan ke ɗauke da sunansa, shi ya kafa makarantar kiɗa da zane a 1936. Daga baya aka haɗe ta da wata ta wasanni, suka koma gini ɗaya a 1984. Can 'yar fim Jennifer Aniston ta yi, haka ma mawaƙiya Nicki Minaj, ko da yake wannan ta biyun kada ka ambace ta a gaban Yaya.

Abin da ya sauko da ni ba tarihin ba ne. Wata asuba na dawo daga aiki na same shi a bakin matakala yana maimaita jawabai biyun da zai gabatar a gwajin, a hankali don kada ya tashi ƙannensa. Yana yi yana gyara kansa, kamar yadda muke tilawa a zauren Malam kafin a biya mana allo. Yaron da sai na yi da gaske yake buɗe littafi, ga shi ya tashi da kansa. Tun da ya ji ana duba maki, lissafinsa ma ya gyaru.

Kuma kai ne za ka yi mini musu? Wa ya fito a sarki ranar bikin raba kyaututtuka, rawani ya warware a gaban shugaban makaranta, ya ci gaba da ba da umarni yana naɗawa? Da ma an ce mai suna ba ya rasa halin mai sunansa. Daga gare ka ya ɗauko.

Af, gaskiya ne ɗan Kawu na Fagge zai ƙara aure? A masallaci na ji, wajen wani ɗan Kumasi da ya ce surukinsa ne ya faɗa masa. Labarin gida sai ya zagaya ta Ghana kafin ya iso ni, kai kana nan ka yi shiru. Kuma kilishin da ka aiko bai iso ba, an ƙwace shi a filin jirgi, nama ba ya shigowa. Kada ka sake wahalar da kanka, yaji kawai ya isa.

Tsoro dai ina da shi, ba zan ɓoye maka ba. Shekararsa 14. Daga Satumba zai riƙa shiga jirgin ƙasa na layin D shi kaɗai har tashar Columbus Circle, ya ƙarasa da ƙafa, kuma da hunturu kafin ƙarfe 5 duhu ya yi. Ina tunanin sallar azahar da la'asar, ina tunanin ranar da za a ba shi rawar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, ko zai iya buɗe baki ya ce a'a. Mun yi yarjejeniya: Islamiyyar Asabar da Lahadi ba fashi, kuma duk wasan da zai fito sai na karanta shi tukuna. Ya amince, har ya ce in zo in zauna a layin gaba.

Ga aikin naka. Don Allah ka je wajen Yaya da kanka kafin Gwaggo ta ji, don in ta riga ka, kafin magariba unguwa ta ɗauka yaro ya bar karatu ya shiga rawa. Ka fara masa da lissafi da kimiyya da cewa kyauta ce. Yana jin maganarka fiye da tawa, kai malamin makaranta ne. Inna kuwa ni zan kira ta ranar Juma'a, addu'arta nake nema.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata maman yara tana cigiyar atamfar nan. Takwaranka ya ce in tambaye ka ko hoton rawanin yana nan.

Naka har kullum,
Abokinka na Bronx