Ummi, Kan Maganar Tsallakar Da Halifa Zuwa JSS 1

Assalamu alaikum Ummi, ya gida ya yara, ya maigidan naki? Na saurari saƙon muryar da kika turo jiya da daddare har sau biyu, na so na kira ki amma na san halinki, kina fara magana ba za ki bari na kai aya ba, shi ya sa na zauna bayan sallar asuba nake ta lallatsa wayar nan da tabarau a hanci.

Kin ce makarantar su Halifa sun ce ya zo na biyu a aji huɗu, wai a yanka masa fom ɗin komon entrans ya wuce JSS 1 kawai, kuma ƙawayenki duk haka suka yi wa nasu. To madalla da na biyun, Allah Ya ƙara basira. Amma ni da na yi shekara talatin da alli a hannuna a firamare na san yadda ake samun na biyu. Yaro ya haddace abin da anti ta rubuta a allo, ranar jarrabawa ya juye mata kayanta, shi ke nan.

Kin tuna Asabar ɗin da kika kawo min mijin nawa ya kwana? Ban gaya miki ba amma na ɗan taɓa shi. Na miƙa masa littafin turancinsa na buɗe can baya inda ba su kai ba, wallahi ya karanta tar kamar mai labarai a rediyo, har na fara jin daɗi, sai na rufe littafin na ce to maigida ba ni labarin da Hausa, wa ya yi me? Ya yi shiru yana murza bakin riga. Kalmomin yake furtawa, ma'anar ba ta shiga ba tukuna. Na ce bakwai sau takwas nawa, sai ya faro tun daga bakwai sau ɗaya yana rera shi kamar waƙa har ya iso. Da yamma na ba shi dubu ɗaya ya sayo min sukari na ɗari shida da hamsin a shagon bakin layi, kafin ya fita na ce nawa ne canjinka, ya ce ai mai shagon zai ba shi. Haba Ummi.

Ba wai yaron ba shi da kai ba ne fa, kar ki je ki zauna kina min kuka. Ƙwaƙwalwa gare shi, kin ga yadda yake jan hadda a islamiyya. Kuma can ɗin ma ki duba, ko a makarantar allo malam ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya karatun ya zauna daram, ba a ɗora sabon rubutu a kan wanda bai nuna ba. Aji biyar da shida nan ne ake dafa lissafin kaso da dogon rabawa, nan ne yaro yake koyon ya rubuta shafi guda da kansa ba kwafe ba. A sakandare babu anti ɗaya mai riƙe da shi tun safe har tashi, kowane darasi da malaminsa, wannan ya fita wancan ya shigo, ya cika allo da rubutu ya goge ko ka gama ko ba ka gama ba. Yaron da har yanzu ke kike haɗa masa jaka kina nemo masa fensir a ƙarƙashin kujera?

Sannan ki yi lissafin shekaru. Tara gare shi. In ya shiga yanzu, uku a ƙaramar sakandare uku a babba, zai gama yana da 15, ita kuwa JAMB 16 ta sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. To gaggawar ta mece ce, ya zo ya zauna miki a gida shekara guda yana danna waya? Tsarin ma ai shekara shida aka yanka wa firamare, masu makarantun kuɗi ne suka mayar da aji shida kamar abin kunya, wasu ko ajin ba su da shi, su dai a ce ɗalibansu suna wucewa da wuri.

Ni na taɓa yin wannan kuskuren da yayanki, kina ƙarama ba za ki tuna ba. Daga aji biyar na cire shi don a ce ɗan malama ne, Allah Ya jiƙan babanku sai da ya ce a bari na ƙi ji. Lissafi ya zame masa dodo har SS 3, sai da ya zauna WAEC sau biyu, kuma har yau in ana maganar makaranta sai na ga ya sauya fuska. Abin yana ci na.

Ga abin da nake so ki yi a hutun nan. Kullum bayan magariba ki ba shi ɗan labarin da bai taɓa gani ba ya karanta, ya faɗa miki da bakinsa abin da ya faru. Ki sa ya rubuto min wasiƙa, layi goma ma ya isa, kar ki gyara masa ko harafi ɗaya, ki ɗauka a hoto ki turo. In za ki Kwari ko kasuwar Rimi ki tafi da shi ya riƙe kuɗin ya yi lissafin canji. Kuma ki je makarantar ki ce a nuna miki littattafan aikinsa na aji, ba katin sakamako ba, ki zauna da antin ku biyu ba a gaban mai makarantar ba ki tambaye ta tsakaninta da Allah. Amma fa ki fara shawara da babansa, kar ya ji a sama.

Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu ki turo min shi bayan masallaci, zan yi masa dambu, ki haɗo da littafin lissafin nasa. Ki gaida min amaryata Nana, ki ce kishiyarta tana nan tana jiranta.

Mamanki