Gaisuwar Babbar Sallah daga Winnipeg

Assalamu alaikum Baba da Umma, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana ta baɗi. Mun sauko daga Idi lafiya, yara sun sha ado da ɗinkin da Umma ta aiko. Layya kuwa a wata gona can bayan gari aka yanka mana, muka je muka ɗauko naman.

Baba, kwanakin baya kun tambaye ni labarin mutanen da Turawa suka tarar a Kanada. Suna nan, kuma a kan ƙasarsu muke zaune. A garin nan da wuya a buɗe taro, na makaranta ko na gwamnati, ba a fara da ambaton Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1871 ba, wadda hukuma ta ƙulla da 'yan asalin ƙasar, a ce nan ƙasar ƙabilun Anishinaabe da Cree da Dakota ce, kuma mahaifar Métis, wato al'ummar da ta samo asali daga auratayya tsakanin 'yan asalin ƙasar da Turawa. Yau ma haka aka fara a wajen walimar Sallah, kuma na ji daɗi ƙwarai, domin ya kamata baƙo ya san mai masaukinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Wanda muka yi alwala da shi yau daga tafkin Shoal yake zuwa, tun 1919. Don a jawo shi aka karɓe wa wata al'ummar 'yan asalin ƙasar mai suna Shoal Lake 40 fili, aka haƙa mashigar ruwa da ta raba su da tudu, suka koma tsibiri. Da zafi sai jirgin fito, da sanyi su taka ƙanƙara, har wasu suka rufta suka rasu. Daga 1997 zuwa 2021 ruwansu ba ya shayuwa sai an tafasa, alhali birni guda yana kwankwaɗa daga tafkin nasu. Titin mota ma sai a 2019 ya isa gare su. Wannan zalunci ne, Baba, kuma mu da muka zo jiya muna cin moriyarsa.

Ga kuma makarantun kwana da aka tura 'ya'yansu kusan 150,000, aka hana su yarensu, dubbai ba su dawo gida ba. Hukumar gaskiya da sulhu da marigayi Murray Sinclair ya jagoranta ta ba da shawarwari 94 a 2015, har yau da yawa ba a aiwatar ba. Shi ya sa wasunsu ke cewa ambaton suna a bakin taro bai wadatar ba, a dawo da ƙasa. Ina ganin suna da gaskiya. Amma dai ana motsawa, tun 2023 ɗansu Wab Kinew ne firimiyan Manitoba, wato shugaban gwamnatin lardin da Winnipeg ke ciki.

Kason sadaka na naman layyarmu mun kai wani wurin ciyarwa a arewacin gari, inda da yawa daga cikin 'yan asalin ƙasar ke zaune. Ranar 30 ga Satumba kuma, in Allah ya kai mu, zan fita da yara cikin rigar ruwan lemo, mu bi sahun masu tunawa da yaran makarantun kwanan nan.

A gaishe da Hajiya Kaka da su Yaya, a ce kuɗin barka da Sallah na yara suna hanya. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku,
daga Winnipeg