A Gyara Yadda Ake Koya wa Malaman Gobe Ilimin Muhalli

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani giɓi da ke cikin horon da ake ba ɗalibai masu shirin zama malamai, wato ilimin muhalli.

Batun ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1977, a taron da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, UNESCO mai kula da ilimi da UNEP mai kula da muhalli, suka shirya a birnin Tbilisi na ƙasar Jojiya, ƙasashe suka amince cewa ya kamata ilimin muhalli ya ratsa dukkan darussa, kuma a sanya shi cikin horon malamai. Duk da haka, a kwalejoji da dama abin bai wuce kwas guda ba, wanda ɗalibi zai haddace, ya rubuta jarrabawa, sannan ya manta.

Hadda ba tare da fahimta ba tana da illa. Sau da yawa akan cakuɗa ɗumamar yanayi da hujewar shimfiɗar ozon, wato iskar da ke can sama mai kare mu daga haske mai cutarwa na rana, alhali kuwa matsaloli biyu ne daban. Sinadaran CFC da a da ake sanyawa a firji da gwangwanin feshi su ne suka lalata ozon, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta taka musu birki. Ita kuwa ɗumamar yanayi, babban sanadinta shi ne iskar kabon da ke tashi daga ƙona kwal da man fetur da gas, tare da sare dazuzzuka. Malamin da ya kammala karatu da wannan ruɗani zai yi shekaru yana dasa shi a kawunan yara, kuma da wuya yaro ya yi musu da malaminsa.

A ganina, inda ya fi dacewa a fara gyara shi ne lokacin gwajin koyarwa. A wajabta wa kowane ɗalibi, ko na lissafi ne ko na harshe, ya gabatar da darasi aƙalla ɗaya a wajen aji: a auna ruwan sama, ko a zuba ruwa a kan ƙasa mai ciyawa da marar ciyawa domin yara su ga da idonsu yadda zaizaya ke faruwa. Wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kuɗi masu yawa. Sai dai dole ne masu duba ɗaliban su ba darasin maki, domin abin da ba a ba shi maki, ɗalibi ba ya ɗaukarsa da muhimmanci, kuma su kansu malaman kwalejin suna buƙatar bita kafin su iya auna wasu.

Naka,
Wani mai karatu