A kawo mana masu binciken hasken rana a rediyo

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki.

Na saurari shirinku kan yadda ƙasashe ke barin kwal da man fetur su koma ga wutar rana da iska. Shirin ya ilimantar, sai dai misalan duk daga Turai da Sin suka fito, alhali wannan bincike yana da tsohon tushe a Nijar. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, hukumar binciken makamashin rana ta Nijar, tun daga 1969. A can aka ƙera murhun rana da na'urar ɗumama ruwa, lokacin da duniya ba ta damu da zancen ba. Yaranmu da yawa sun san sunan jami'ar, ba su san aikin mutumin ba, kuma wannan yana damuna.

Tamu matsalar daban take da ta Turawa. Galibin gidajenmu da itace suke dahuwa, ƙauyuka da dama ba su taɓa ganin wutar kuran ba, birane kuma sun daɗe suna dogara da wutar Najeriya. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, kowa ya ji a jikinsa. Yanzu muna da tashar rana ta Malbaza a nan jihar Tahoua, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Mafari ne mai kyau.

Amma akwai tambayoyin da sai mai bincike na nan zai amsa. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan farantin sola, a zafin digiri 25 aka auna shi, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40, kuma farantin yana rage wuta idan ya yi zafi. Ƙurar hunturu tana rufe fuskarsa. Sau nawa ya kamata a wanke shi a garin da ruwan sha ma sai an saya? Batir yana saurin mutuwa a ɗaki mai zafi, ga shi da dare ne aka fi buƙatar fanka. Manomin albasa na Galmi da ke zuba fetur a injin ban-ruwa yana son ya san ko famfon sola zai mayar masa da kuɗinsa, kuma cikin shekara nawa. Haka zancen kwal na Salkadamna a nan jihar Tahoua, inda ake son gina tashar wuta mai aiki da kwal: ni ba na ganin laifin mai son a haƙa, don duhu ya ishe mu, amma a gaya mana ruwan da tashar za ta sha da hayaƙin da za ta fitar, a gwada kuɗinta da na rana.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku ware shiri ko sau ɗaya a wata. Ku gayyato malaman Jami'ar Abdou Moumouni da ɗaliban shirin WASCAL na ƙasashen Afirka ta Yamma masu karatun sauyin yanayi da makamashi, su yi bayani da Hausa. Ku zaunar da su da masu haɗa sola na kasuwa da manoman rani, a buɗe layin waya jama'a su yi tambaya.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Tahoua